Rigar da Na Ɗinka wa Injin Surukina

Tun da na dawo labulen ɗakina bai huta ba. Wannan ta ɗaga ta ce, "Maman Hafsa, wai da gaske rana ba ta fitowa a can?" Waccan ta ce, "Wai ke ce a hoton nan da tabarau irin na masu walda?" Har Iya Bose mai sayar da ogi, wato koko, a bakin layinmu sai da ta riƙe mini gefen hijabi ta ce ba zan wuce ba sai na gaya mata ko ƙanƙarar can ana sha. Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma kullum sai na tsallake wani wuri. To yau na zauna zan zuba muku shi tun daga tushe, ku matan ajinmu na Islamiyya. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba.

Kun san sana'ata: jakunkunan makaranta da rigar kujerar okada nake ɗinkawa a tsakar gida. Kun san Hafsa, 'yata ta biyu, da mijinta Sulaiman, wanda mahaifinsa kafinta ne a nan unguwar Sabo ta Ibadan. Karatu ya kai shi Finland, ya samu aikin gyaran injuna a wani gari can arewa mai suna Oulu, ya zo ya ɗauki matarsa. Da haihuwa ta matso aka shiga nema mini biza don in je wankan jego, amma ba ta fito ba sai bayan suna. Mace aka samu, aka sa mata sunana, ana kiranta Ummi.

Murna dai ina yi, sai dai akwai abin da ke cin raina. Muryar Hafsa a waya ta canja. Yarinyar da in ta yi dariya ake ji har unguwar Mokola, ta koma "e" da "a'a". In na ce ina mijinki, sai ta ce, "Yana gareji." Da safe gareji, da yamma gareji. Na ƙudura a raina cewa in na je, kunyar surukuta ko ba kunya, sai na ji abin da ke cikin garejin nan.

Maigida ne ya raka ni Legas. Muka bi ta Ojoo, manyan motoci sun toshe hanya kamar kullum, mai kekenmu ya dinga kurɗawa ta tsakanin tireloli ina salati, har muka isa tashar jirgin ƙasa ta Moniya ana gab da rufe ƙofa. A Legas na hau jirgin sama, karo na biyu a rayuwata bayan na aikin Hajji. A Istanbul aka sauya mana jirgi, kuma da ba don wata 'yar kasuwa Bakanuwa da na haɗu da ita a banɗaki ba, da har yanzu ina can ina zagaye. Ita ta kama hannuna ta kai ni ƙofar da zan shiga. Ta dubi suwaitar da na sayo a gwanjo ta ce, "Hajiya, da wannan za ki Finland?" Na ce ai mai kauri ce. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

A Helsinki, babban birnin Finland, aka sa mini hatimi ba wata matsala. Na ɗauki akwatina ina hamdala, sai ga wani kare ya zo ya zauna a gabansa kamar an ba shi kujera. Wata ma'aikaciya, yarinya ƙarama mai farin gashi, ta ce in buɗe. Kilishi ta fara cirowa, ta girgiza kai, ta ajiye gefe. Man shanu ma haka. Sai ta kai hannu kan ƙullin kanwa, ta kwance, ta dube ni, ta kira wani namiji. Na ga sun fara kallona wani iri, na ce yau na shiga uku.

Turancina na Sabo ne, amma na zage. Na ce, "Na kanwa. For woman wey born. You put am for pap, milk go come." Na yi alamar dama kunu, na yi alamar rungume jariri, har na nuna ƙirjina. Yarinyar ta yi ja har kunne. Namijin kuma ya buɗe robar daddawa ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Suka yi ta magana da yarensu, suka ɗauki ɗan gutsuren kanwar suka tafi da shi, suka dawo suka ce in rufe akwatina. Kanwa da daddawa da kuka da yaji sun tsira. Kilishin da na yi wa Hafsa tanadi kuwa sai dai in ce Allah ya jiƙansa.

Ina fitowa na hango Sulaiman. A tsakiyar filin nan, Turawa na kai da kawowa da akwatuna, yaron nan ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, sannunku da hanya. Kun sha wahala."

"Tashi, Baban Ummi, tashi. Ya masu jego?"

Ya miƙo mini wata riga mai kama da katifa, da takalma kamar na soja. Na ce ai ina da suwaita. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ku dai sa." Da ƙofar waje ta buɗe na ja numfashi ɗaya, sai na ji gashin hancina ya daskare. Ban sake ambatar suwaita ba.

Jirgin ƙasa muka hau zuwa Oulu. Na shiga na yi sallama, na ce sannunku, ba wanda ya ɗago. Mutum cike da tarago amma shiru kamar ana jarrabawa. Ba mai tallar magani, ba mai wa'azi, ba mai faɗa da kwandasta. Ga ni ga surukina kujera na kallon kujera, shi yana kallon takalminsa, ni ina kallon taga, tagar kuma ba komai sai itatuwa da fari. Ya sayo mini miyar kifi da wani baƙin burodi mai tsami. Miyar ba laifi, sai da na zazzaga mata yaji ta zama abinci.

Gidansu na katako ne, an raba shi biyu. Ɓangare ɗaya su, ɗayan kuma mai gidan, wata doguwar tsohuwa mai suna Ritva, wadda mijinta ya rasu. Abu na farko da ya burge ni, a bakin ƙofa suke cire takalmi kamar mu. Na rungume takwarata, na yi mata kirari, na dubi uwarta. Hafsa ta rame, idonta ya faɗa. Ta ce, "Mama, kin zo," sai hawaye.

Maganar rana kuwa gaskiya ce. Sai hantsi ya yi a agogo sannan gari ya ɗan yi fari, kafin ki gama wanke-wanke ya sake rufewa. Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kamar ana kora su, da alwala ɗaya nake gamawa da su.

Washegari na ce a dafa ruwan wanka. Ba tukunya, ba murhu, ba ganyen darbejiya, sai wani famfo mai yayyafi. Ina ta mita Ritva ta shigo kawo wa Hafsa wani abu. Hafsa ta fassara mata damuwata. Tsohuwar ta yafito mu da hannu. Muka bi ta bayan gida zuwa wani ɗan ɗaki na katako, a ciki ga murhun itace, an jibga duwatsu a kansa, ga tukunyar ruwa a gefe, ga benci hawa-hawa. Sauna suke ce masa. Ta hura wuta, ta watsa ruwa a kan duwatsun, tururi ya turnuƙe. Sai ta je firizarta ta ɗauko damin ganye ɗanye shar, ta tsoma a ruwan zafi, ta nuna yadda ake fyaɗa shi a jiki.

Na riƙe baki na ce, "Hafsa, ashe su ma suna wankan jego!"

Ritva ta ce a irin ɗakin nan aka haifi mahaifiyarta. Bambancinmu da su ɗaya ne, su tsirara suke shiga. Na ce a gaya mata mu da ɗaurin ƙirji za mu yi, ta ɗaga kafaɗa. Tun daga ranar kullum ita ke hura mana wuta.

Amma kar ku ce komai nasu irin namu ne. Wata rana na leƙa ta taga na ga keken jariri a ƙofar gidan da ke kallonmu, cikin ƙanƙara, ba kowa kusa. Na fita da gudu, na leƙa, wallahi jariri ne a ciki! Na shiga dukan ƙofar mutane ina ihu. Uwar ta fito da kofin shayinta a hannu, hankali kwance, ta nuna mini yaron yana ta barcinsa cikin fatar tunkiya. Wai haka suke yi, barcin waje ya fi lafiya. Na dawo na gaya wa Hafsa duk ranar da aka fitar mini da takwara waje, a ranar zan koma da ita Ibadan.

Shi kuwa Baban Ummi, yadda aka faɗa mini haka na tarar. Ya dawo daga aiki, ya durƙusa ya gaishe ni, ya leƙa 'yarsa, ya ci abinci a tsaye, sai gareji. Ina ta juya yadda zan buɗe masa magana, sai Allah ya buɗe mini ita da kansa. Ranar wata Asabar muna zaune muka ji wata ƙara kamar tayar tirela ta fashe a Ojoo. Ummi ta tsandara kuka. Na zura takalman sojana na yi waje.

Na same shi zaune dirshan a ƙasa, garin katako ya rufe shi fari fat, yana ƙifta ido. Da na tabbatar ba jini, sai na dubi abin da ke gabansa. Wani dogon abu ne kamar gadon mutum ɗaya siriri, an jera katakai a tsaye an manne su, samansu a lanƙwashe, tsakiya ya ɗan tasa, kai da ƙafa sun ɗaga sama. Ga wani irinsa a kife a kansa kamar murfi. A tsakaninsu mesa ce irin ta 'yan kwana-kwana, an haɗa ta da injin iska irin na masu faci. Duk an zura su cikin wata rigar tamfol, ita ce ta yage daga sama har ƙasa.

Na ce, "Wannan kuma mene ne?"

Ya miƙe yana kakkaɓe jiki. Ya ɗauko wasu dogayen katakai sirara guda biyu daga jikin bango ya nuna mini. Irin waɗanda kuke gani a talabijin ne, ana ɗaura su a ƙafa ana sulu a kan ƙanƙara. Siki ake ce musu. Ya ce ba katako ɗaya ba ne, hawa-hawa ne kamar fanke mai ninki: roba a ƙasa, ƙarfe siriri a gefe, yadin zaren gilashi, katako a tsakiya, wani yadin a sama, duk a shafe da gam. Sai a shimfiɗa su a kan gadon nan, a rufe, a hura mesar, ita kuma ta kumbura ta danne su har su ɗauki lanƙwasar gadon su bushe a haka.

"Masu kuɗi da ƙarfe suke kewaye shi, Mama. To ƙarfen ya fi ƙarfin daɓen nan, kuma gidan haya ne, ba a walda. Shi ne na ga wasu suna yi da yadi. In rigar ta riƙe, iskar ba ta da wurin zuwa sai kan katakon."

Ni da na zo faɗa, sai na tsinci hannuna a kan yagaggen ɗinkin. Yadin mai kyau ne, ban taɓa taɓa irinsa ba. Na ja zaren, ya tsinke a hannuna.

"Wa ya yi ɗinkin nan?"

"Ni ne. Da keken Hafsa."

"Keken ɗinkin kayan jarirai?"

Ya gyaɗa kai. Ni kuma kaina ya riga ya fara aiki: a ninka nan, a ɗora baki kan baki da faɗi, a bi shi da layi-layi, a yi masa ɗamara. Sai na tuna abin da ya kawo ni. Na juya masa gefe, don ba zan iya kallon idonsa ba, na ce, "Baban Ummi, matarka na ciki da ɗanyen jego tana kuka, kai kana nan kana wasa da iska. Me ya yi zafi?"

Da ya fara magana, ƙasa yake kallo. Ya ce shekarar da ya fara zuwa ƙasar, duhun nan ya kusa taɓa masa hankali. Ya daina cin abinci, ya daina fita, sai ya kwanta yana kallon rufi. Marigayi mijin Ritva ne ya shigo wata rana ya fizge bargon, ya ɗaura masa siki, ya tura shi daji. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, ya dawo gida da yunwa, ya yi barci. Daga nan ya warware.

"Abin da na ji a jikina shi nake gani a idon Hafsa, Mama, tun kafin cikin nan. Na taɓa aro mata siki, sirara ne, ta faɗi a gaban mutane ta rantse ba za ta ƙara ba. Shi ne na ce in na yi mata masu faɗi da hannuna, daidai tsawonta, ba za ta iya ƙi ba."

"Ka gaya mata?"

"Na so sai na gama."

Na ce a raina, maza ke nan. A fili kuma na ce, "To ji nan. Rigar nan ni zan ɗinka. Kai kuma in ka dawo aiki ka shiga ciki ka ɗauki 'yarka, ka zauna da matarka, ko hira ba ku yi ba. In na gama na kira ka."

Ya ɗago da sauri, ya manta da kunya. "Mama, za ku iya?"

"Samo mini keke mai ƙarfi ka gani."

Keken ma a gidan yake. Ashe mijin Ritva rumfar jiragen ruwa yake ɗinkawa. Ta kai ni wani ɗaki ta yaye zane, sai ga ƙaton keke baƙi, yayan nawa na gida. Na shafa shi kamar na ga ɗan'uwa. Muka kwance shi mu biyu, muka zuba mai, muka goge. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, Turancinta kuma bai fi nawa ba, amma in na miƙa hannu ta san abin da nake nema. Na sa Sulaiman ya je inda ake yanka tsofaffin motoci ya kwaso mini bel ɗin kujera, irin wanda nake yi wa jakunkuna hannu da shi, don in yi wa rigar ɗamara.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Inda yadi ya ninku da bel, allura sai ta ce ƙas. Na karya allurai har na fara jin kunyar Ritva. Ita ce ta nuna mini yadda mijinta ke bubbuga wurin da guduma ya kwanta kafin ya bi da keke. In mun gaji ta dafa kofi, don su kofi kamar ruwa suke sha. Wata rana ta ba ni wata baƙar alewa, na jefa a baki, na ji kamar na tauna kanwa da gishiri. Na rasa inda zan tofar. Don ramuwa na kawo mata kunun kanwa da yaji. Ta shanye tas ta miƙo kofi a ƙara.

Ni dai na shiga abin nan da gaske. Ina kwance ina lissafin ɗamara, ina tashi ina ɗokin gari ya yi fari. Har Hafsa ta tare ni a kicin ta ce, "Mama, ke ma garejin ya cinye ki? Shi ya dawo ciki, ke kin fita?"

Ban ga amfanin ɓoye-ɓoye ba. Na zaunar da ita na gaya mata duk abin da mijinta ya faɗa, har da na kallon rufi, wanda ashe bai taɓa gaya mata ba. Ta tashi ta shige ɗaki. Na ce shi ke nan, na ɓata. Can sai ga ta da wani yadin rini na adire shuɗi mai zanen tsuntsaye, wanda ta saya a kasuwar Oje kafin ta taho.

"An ce ana sa yadi a sama ko? To in nawa ne, wannan nake so."

Ranar gwaji muka zura gadon cikin sabuwar riga. Sulaiman ya ba ni tabarau, muka laɓe bayan ƙofa ni da shi da Ritva, ya kunna inji. Rigar ta fara ɗaurewa, tana ƙara ƙiƙi-ƙiƙi, ɗamarun suka miƙe kamar tsirkiya. Sai fau! Wani abu ya tashi ya bugi gwangwanin fenti a kan kanta, fenti ya yi tsalle har rufi. Na ce wayyo ɗinkina! Muka leƙa. Riga lafiya lau, ko zare ɗaya bai motsa ba. Ƙarfen da ya matse bakin mesar ne ya fice. Na buga guɗa a garejin nan, Ritva ta zabura, sai kuma ta kama dariya. Ranar na fara ganin haƙoranta.

Ya sake wa mesar matsewa da ƙarafa masu kauri da noti. Muka gwada da tarkacen katako, don kar a yi asarar adire. Da aka buɗe washegari, gam bai kama ba, hawa-hawan suka ɓare a hannu kamar ɓawon rake. Sanyin garejin ya yi yawa, gam ɗin kuma zafi yake so. Bargon lantarkin da ya saya don hakan ya ƙone tun ranar da rigar farko ta fashe. Sulaiman ya zauna a kan bokiti ya dafe kai. Ga lokacin komawata na matsowa, ga ƙanƙarar ma an ce ta kusa fara narkewa.

Ritva ta tsaya tana kallonmu, hannu a aljihu. Sai ta nuna bayan gida da haɓa ta ce, "Sauna."

Kun ga yadda ake kai amarya? Haka muka kai injin nan. Muka ɗora shi a kan abin jan itacenta muka ja shi cikin ƙanƙara, ni da ita a gaba, shi yana turawa a baya, ya kife mana sau ɗaya a hanya. Muka shimfiɗa shi a daɓen ɗakin wankan jego, aka ziro wayar injin iska ta ƙofa. Aka hura wuta kaɗan, ba irin ta wanka ba.

Gam ɗin ruwa biyu ne, da zarar an haɗa su ba ya jiran kowa. Ritva ta karɓi Ummi, Hafsa ta sa safar hannu ta shigo. Sulaiman na kiran abu, muna miƙawa. Roba. Gam. Yadin gilashi. "Mama, ku shafa nan, ya bushe!" Katako. Gam. "Hafsa, ja gefenki!" Ita kuma ta ce, "Oya, yi sauri mana, kai ne kake nawa!" Na ɗago na dube ta, gumi a goshinta, idonta na ƙyalli. Da hannunta ta shimfiɗa adirenta a sama ta lallashe shi. Muka rufe, muka ja riga, aka hura. Ranar ba wanda ya ci abincin kirki. Kowa ya wuce sai ya leƙa ya ƙara itace ɗaya.

Da safe muka sace iskar muka zare murfin. Allahu Akbar! Abu ya fito sumul, a lanƙwashe yadda ake so, tsuntsayen Oje suna sheƙi kamar an zuba musu gilashi. Sulaiman ya lanƙwasa shi da gwiwa ya saki, ya koma daidai. Ya dubi matarsa, ta dube shi, na ga ya kamata in je in duba tukunya.

Sai da ya yanke gefe, ya goge, ya ɗaura wurin sa ƙafa, sannan muka fita. Lokacin Hafsa ta daɗe da yin arba'in, rana ma ta fara daɗewa a sama. Muka je bakin daji inda aka share hanya. Ta sa hijabinta cikin rigar katifa, ya durƙusa ya ɗaura mata, ya ba ta sanduna biyu. Ta ja ƙafa ɗaya, ta ja ɗaya, ta tafi kamar mai koyon tafiya. Ta ɗan yi nisa, sai ƙafafun suka rabu, ta zauna daɓas. Sai na ji ta, dariyar nan ta Mokola, tana kwance a ƙanƙara tana ƙyaƙyatawa har wasu Turawa biyu suka juyo. Ta tashi da kanta ta ci gaba.

Hoton da kuke ta tambaya kuwa, ga yadda aka yi. Hafsa ta dawo ta ce, "Mama, ke kika ɗinka, sai kin hau." Na ce ina, da girmana. Ritva, wadda ta girme ni nesa, ta wuce ta gabana fiu a kan nata, ko waiwaye ba ta yi ba. Na ce a ɗaura mini, aka sa mini ƙaton tabarau, Hafsa ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Wallahi daɗi, kamar ana jan ki a kan tabarma. Ban lura akwai 'yar gangara ba. Abu ya kwashe ni, na yar da sanduna, Hausa ta gudu ta bar ni, sai ji na yi ina "E gba mi o!", wato ku cece ni, har na nutse cikin tarin ƙanƙara, ƙafafu a sama. Surukina ya rugo, ya tsaya a kaina ya rasa yadda zai yi, ya kama ni ko ya durƙusa ya ba ni haƙuri. Na ce, "Baban Ummi, ja ni mana!"

Ranar tafiya Ritva ta ba ni safar ulu da ta saƙa da kanta, ni kuma na bar mata sauran kanwa. Muka rungumi juna. Na sauka Legas zafi ya rufe ni kamar bargo, na ce marhaba. Da na ji hon ɗin okada da ƙamshin tsiren Sabo, sai da na yi ƙwalla.

Kwanaki kaɗan da dawowata, ina tsakar gida ina yanka rigar kujera, waya ta yi ƙara. Hafsa ce, ta bidiyo. Fuskarta ta cika allon, kumatu sun yi ja, tana haki, bayanta itatuwa.

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai, Mama. Ummi na wurin babanta. Sauran ƙanƙarar nake ci kafin ta narke."

"Ke kaɗai a daji? Ba kya tsoro?"

"Mama, kar ki kashe. Ga gangara."

Ta jefa wayar a aljihu. Allon ya yi baƙi. Na tsaya da almakashi a hannu, na manna wayar a kunne, ba abin da nake ji sai iska da shuuu ɗin katako a kan ƙanƙara, da muryar 'yata tana ihu tana dariya har ƙasa.